Da me za a rufe jirgin balsa: takarda da dof, leda, yadi ko faiba?

Duk wanda ya taɓa gina ƙaramin jirgin sama da balsa, wani katako mara nauyi ƙwarai, daga zane ya san ranar da ake zare fil na ƙarshe daga allon aiki. An ɗaga fiffike an duba shi a haske, haƙarƙarinsa sun jeru reras, gangar jiki da wutsiya na ajiye a gefe. Wata biyu ko uku na yanka da mannawa sun wuce. Sai tambayar da aka yi ta ɗagewa ta tsaya a gaba: da me za a rufe shi?

A wannan gaɓa jirage da yawa suke lalacewa tun ba su bar ƙasa ba. Rufin da ya fi ƙarfin ƙwarangwal yakan murɗe fiffike har jirgin ya ƙi tafiya miƙe. Wanda ya yi nauyi yakan sa jirgi ya nemi gudun da ba a zana shi dominsa ba, ya riƙa faɗowa a duk kwana. Akwai kuma rufin da ba shi da laifi a wajen tashi, amma kallo ɗaya za ka yi masa ka san bai yi kama da jirgin da aka kwaikwaya ba, alhali wannan kamannin shi ne dalilin wahalar duka.

A ganina rufi ba shawarar ƙarshe ba ce. Kamata ya yi a yanke ta tun zanen yana shimfiɗe a tebur, kafin reza ta taɓa katako, domin mai zanen ya zaɓi kaurin sanduna da tazarar haƙarƙari ne da wani irin rufi a ransa. Amma ko da ka riga ka gama gini, ma'aunan zaɓin ba su canza ba.

Abubuwan da za a auna

Na farko nauyi ne, kuma shi ke gaban kowa. Ana auna kayan rufi da giram a kowace murabba'in mita. Ɗauki jirgin da tsawon fiffikensa santimita 60 ne, faɗinsa santimita 10. Sama da ƙasan fiffiken, da gangar jiki da wutsiya, za su ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na murabba'in mita. Takarda mai giram 12 za ta ɗora masa ƙasa da giram 3, in an shafa mata dof, wani ruwan shafe mai kama da banish, ya kai wajen 5. Leda mai giram 80 kuwa za ta ɗora masa giram 16. A jirgin da duka nauyinsa bai kamata ya wuce giram 40 ba, wannan bambanci shi ne tsakanin tashi da ƙin tashi. Kuma nauyin rufi ba ya zuwa shi kaɗai. Yawancin fatar jirgi tana bayan wurin da yake daidaita, saboda haka duk abin da aka ƙara a baya sai an biya shi da dalma a hanci. A jirgi mai gajeren hanci kamar Sopwith Camel, giram ɗaya a wutsiya yana iya neman uku ko huɗu a gaba.

Na biyu kama da jirgin asali. Sai ka nemi hotunansa ka tambayi kanka da me aka rufe shi. Piper Cub da Tiger Moth yadi ne a kan firam, ana ganin tudun haƙarƙari ta cikinsa. Spitfire da Mustang fatar ƙarfe ce mai layukan haɗi da kawunan ƙusoshi. Wasu kuma gauraye ne: Hawker Hurricane ƙarfe ne a gaba, yadi a bayan gangar jiki, kuma Spitfire kansa sitiyarin wutsiyarsa yadi ne.

Na uku shi ne abin da rufin ke yi wa ƙwarangwal. Wani rufi yana ƙara masa tauri, ya hana fiffike murɗewa a iska. Wani yana lulluɓe shi kawai. Wani kuma yana ja da ƙarfin da zai iya lanƙwasa shi.

Sai ƙarko da sauƙin faci, sai lokaci da ƙwarewar da aikin ke nema, sai kuɗi. Na ƙarshe haɗari, wanda ya kasu biyu: haɗari ga jirgin, musamman daga man inji, da haɗari ga mai aikin, daga tururin sinadari da wuta da ƙura.

Takarda da dof

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har yau babu abin da ya kama ƙafarta a ƙananan jirage. Takardar ba irin ta goge hannu ba ce. Takarda ce ta musamman mai dogayen zaruruwa, wadda ta fi suna ita ce ta Japan, mai nauyin kusan giram 12 a murabba'in mita. Tana da gefe mai sheƙi da gefe mara sheƙi, tana kuma da jijiya kamar katako: in ka yaga ta, ta wani ɓangare za ta yage a miƙe, ta ɗayan kuma a karkace. Jijiyar nan ake shimfiɗawa daga tushen fiffike zuwa bakinsa, domin kada takardar ta lotsa da yawa tsakanin haƙarƙari.

Ana manna ta a gefunan firam da tsinkakken dof ko da gam na sanda irin wanda ake manna takarda da shi. In ta bushe sai a fesa mata ruwa kaɗan, kamar raɓa, ko sifirit ga mai son ɗaurin ya yi sauƙi. Tana bushewa tana ɗamewa har ta yi kamar fatar ganga. Daga nan sai dof, wani ruwan shafe mai kama da banish, wanda ke toshe ƙofofin takardar ya hana iska ratsawa, ya kuma ƙara ɗame ta. Ana tsinka shi rabi da rabi da tina, shafa biyu sun isa ga ƙaramin jirgi.

Dof iri biyu ne, kuma rashin sanin bambancinsu ya ɓata aikin mutane da yawa. Na naitiret ya fi mannewa a jikin katako, kuma ɗamewarsa tana tsayawa bayan ɗan lokaci, sai dai man injin da ke da metanol da naitirometen yana narkar da shi. Na butiret yana jure wannan man, amma yakan ci gaba da ja har watanni bayan an gama. Ana iya shafa butiret a kan naitiret. Naitiret a kan butiret kuwa ba ya zama lafiya. Jirgin roba, wato wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa, ko na batir ba ruwansa da maganar mai, naitiret ya wadatar masa.

Kuɗin takardar kaɗan ne ƙwarai, dof da tina su ne suka ɗan fi ta. A wajen kama, hasken da ke ratsa takarda ya nuna ƙwarangwal yana ba ƙaramin jirgi irin kamannin tsoffin jiragen yadi, abin da fenti ba ya iya bayarwa. Ana yanka haruffa da alamomi daga takarda mai launi a manna da dof, ba tare da ƙarin nauyin kirki ba. Wasu ma sukan manna takardar a kan farar takarda ta ofis su tura ta cikin firinta, su buga duk ado a kanta kafin rufi. Da haka ake samun rikitaccen zanen launuka masu kusurwa na Fokker D.VII na 1918 a jirgin da bai wuce tafin hannu biyu ba. Tana kuma ƙara wa fiffike tauri sosai, abin da mutum ba ya yarda da shi sai ya murɗa fiffike kafin rufi da bayan rufi ya ji bambancin a hannunsa.

Rauninta a bayyane yake. Karan ciyawa yana huda ta, damshi yana sa ta saki, rana tana koɗar da launinta, in ta tsufa kuma takan yi ƙaras-ƙaras. Facinta dai ba wuya: guntun takarda da ɗigon dof, an gama. Babban haɗarinta shi ne murɗewa. Wutsiyar jirgina na farko da na rufe da ita ta nannaɗe kamar busasshen ganye cikin dare ɗaya, saboda na jiƙa ta sharkaf na bar ta a tebur ba tare da na danne ta ba. Tun daga ranar ba na barin wani sashe ya bushe sai a kafe da fil a kan allo, da ƴan guntayen balsa a ƙarƙashinsa don iska ta zagaya. Ga wutsiya mai siraran sanduna kuwa, na fi son in fara ɗame takardar a kan wani firam dabam, ta gama janta a can, sannan in yanko ta in manna.

Masu son ƙarko ba tare da barin kamannin takarda ba suna da dabaru biyu. Ɗaya ita ce a fara shimfiɗa siririyar ledar Mylar, mai kaurin maikiron 5 ko 10, sannan a ɗora takarda a kanta. Ledar tana hana huda da shan damshi, takardar tana ba da tauri da launi. Ɗayar kuma ita ce Polyspan, takardar foliyesta mai kusan giram 25, wadda zafi ke ɗame ta maimakon ruwa, kuma yaga ta da hannu ma sai an yi da gaske.

Maganar lafiya ba ta wasa ba ce a nan. Tururin dof da tina yana sa ciwon kai da jiri, kuma yana kama wuta nan take, musamman na naitiret. A yi aikin inda iska ke wucewa, nesa da duk wata wuta. A ranar da iska ke da laima sosai dof yakan bushe da fari-fari kamar hazo, gara a jira rana busasshiya. Akwai dof na ruwa, irin Eze Dope, wanda ba shi da wannan wari. Yana aiki, sai dai takarda takan saki duk lokacin da aka shafa shi kafin ta sake ɗamewa, saboda haka yana son hannu mai haƙuri.

Siliki da takarda mai kauri

Kafin zuwan leda, jirage masu inji da siliki ake rufe su, ko da wata takarda mai kauri da ake kira Silkspan. Duka biyun a jiƙe ake shimfiɗa su, abin da ke sa su bi lanƙwasar hanci da bakin fiffike da kyau. Siliki yana da ƙarfi da kyan gani, amma saƙarsa tana shan dof shafa bayan shafa kafin ta toshe, dof ɗin kuma yakan zurara ta ciki ya bar tabo in an cika buroshi. Yana da tsada, yana cin lokaci, yana ja da ƙarfi. A yau mai zaɓarsa yawanci wanda yake gina tsohon zane ne na shekarun 1940 ko 1950, yana son ya gama shi yadda mai zanen ya gama nasa. Wannan dalili ne mai kyau, amma ba zan tura sabon hannu can ba.

Ledar da ake mannawa da dutsen guga

Leda ce ta foliyesta mai launi, da gam a bayanta wanda zafi ke tayarwa. MonoKote na kamfanin Top Flite ya fito a Amurka a shekarun 1960 ya canza sana'ar gaba ɗaya. Oracover ana yin sa a Jamus, a Amurka kuma an san shi da sunan UltraCote. Kamfanin Solarfilm na Ingila ya daina sarrafa kayansa a 2018, saboda haka in tsohon zanenka ya ce a yi amfani da Solarfilm ko Solartex, sai ka nemi makwafinsu mai nauyi kusa da nasu.

Aikin a taƙaice: a goge firam da samfefa har lamba 320 ko 400, a share ƙura tas, a shimfiɗa ledar, a kama gefuna da ɗan ƙaramin dutsen guga a zafi kusan digiri 100, sannan a ƙara zafi zuwa wajen 150 a ɗame tsakiya. Kowane kamfani da nasa zafin, a bi takardar da ta zo da kayan. Ana fara rufe ƙasa kafin sama, baya kafin gaba, domin bakin haɗi ya kalli baya, iska da mai su wuce ta kansa ba tare da sun ɗaga shi ba.

Amfaninta yana da yawa, ba na raina shi. Babu wari, babu jiran bushewa, launi da rufi a mataki ɗaya, man inji ba ya cin ta, ruwa ba ya shiga. Jirgin da zai ci makonni a dof ana iya rufe shi da leda a yini biyu. In aka yi kuskure, a ɗumama a ɓare a sake. In fiffike ya ɗan murɗe, a murɗa shi baya a sake bi da zafi, ya dawo daidai. Kuɗinta matsakaici ne, kuma da yake ba a sayen fenti a kanta, sau da yawa ita ce mafi araha in an haɗa lissafi a jirgi matsakaici. Nauyin ta yau da kullum yana tsakanin giram 70 da 100 gwargwadon launi, akwai kuma marasa nauyi kamar Oralight mai kusan giram 36.

Inda ta gaza shi ne wurin da mai kwaikwayon jirgi ya fi damuwa da shi. Leda leda ce, ido yana gane ta daga nesa. Sheƙinta ya dace da jirgin wasan sama na zamani kamar Extra 300, amma a jikin jirgin Yaƙin Duniya na Ɗaya baƙuwa ce. Akwai nau'ikan da ba su da sheƙi, sun rage matsalar ba su kawar da ita ba, domin babu saƙa, kuma fenti ba ya son zama a kanta. Ban da haka, in jirgi ya daɗe a rana takan saki ta yi tamoji, sai an sake bi da guga. A kan wurin da aka lulluɓe da allon balsa iska takan maƙale a ƙarƙashinta ta yi ƙuraje, sai an tsaga su da bakin allura. Mai yakan sami bakin haɗin da ya ɗaga ya shige ya jiƙa katako, wanda gam ba zai sake kamawa ba. Kuma ba ta ba fiffike taurin da takarda ko siliki mai dof ke ba shi. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga mai gina tsohon zane: in mai zanen ya dogara da rufin dof don ƙarfin fiffike, kai kuma ka sa leda mai laushi, fiffiken na iya kaɗawa a gudu har ya karye.

Yadin foliyesta

Ga babban jirgin da asalinsa na yadi ne, nan zuciyata take. Yadin iri biyu ne. Akwai mai gam da launi a jikinsa, kamar Oratex, wanda ake mannawa da guga tamkar leda, nauyinsa kusan giram 100. Kamfanin da ke yin sa yana da nau'i mai kauri da ake rufe jiragen gaske masu ɗaukar mutane da shi. Akwai kuma ɗanyen yadi mara gam, kamar Koverall na kamfanin Sig, mai kusan giram 42, wanda sai an shafa wa firam gam ko dof, a manna, a ɗame da zafi, sannan a toshe saƙar da dof a yi fenti. Kada lambar 42 ta ruɗe ka, kafin a gama toshewa da fenti yakan matso kusa da ɗan'uwansa.

Yadi ya fi leda sauƙin bi da lanƙwasa. A bakin fiffike mai zagaye, inda leda ke tattarewa, shi da ɗan zafi da ja sai ya kwanta lumui. A ƙarko babu na biyunsa a fiffike mai rami: kara ba ya huda shi, rana ba ta sa shi saki kamar leda, yana shekaru yana aiki. Yana karɓar fenti da kyau. Kuma a kansa ne ake iya yin ƙananan abubuwan da ke sa mai kallo ya durƙusa ya duba. A jirgin gaske ana ɗinke yadi a jikin kowane haƙarƙari, a rufe ɗinkin da siririn ƙyalle mai baki kamar haƙoran zarto. A ƙaramin jirgi ana kwaikwayon ɗinkin da gajerun layukan farin gam, a ɗora siririn yadin a kai. Aiki ne na dare da yawa, amma shi ke raba Cub da kowane jirgi mai launin rawaya.

Iyakarsa girma ce. Piper J-3 Cub na gaske tsawon fiffikensa mita 10.7 ne, a kashi ɗaya bisa huɗu ya zama kusan mita 2.7. Tiger Moth mai kusan mita 9 ya zama mita 2.2. A wannan girma saƙar yadin tana zama daidai a ido, nauyinsa kuma ba ya damun jirgin. A jirgi mai ƙasa da mita ɗaya da ƴan kai kuwa, saƙar takan fito da kauri kamar buhu, nauyin ya yi yawa, jan yadin kuma na iya lanƙwasa siririn bakin baya na fiffike ko ya murƙushe haƙarƙari mai laushi. A ɗame shi a hankali, sama da ƙasa bi da bi. Saƙar tana riƙe datti da mai, don haka jirgi mai inji yana son shafe mara launi a kai. A kuɗi, mai gam ɗin yana cikin mafi tsada. Ɗanyen yana da araha a saye, amma dof da fenti suna cike gibin.

Faiba da fenti

Faiba, wato ƙyallen da aka saƙa da zaren gilashi, ba ta shiga takara sai in an lulluɓe jirgin gaba ɗaya da allon balsa, mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2.5. Ba a shimfiɗa faiba a kan rami. Amma ga Spitfire, wanda a kashi ɗaya bisa shida fiffikensa ya kusa mita 1.9, babu wata hanya da ke ba da fata mai tauri da santsi kamar ƙarfe.

Ƙyallen faiba na wannan aiki siriri ne ƙwarai, giram 17 zuwa 25. Nauyin ba a ƙyallen yake ba, a ifoksi yake, wato ruwan gam mai daskarewa da tauri da ake jiƙa ƙyallen da shi, da kuma fentin ƙasa, wanda ake sawa kafin fentin launi. Ana shimfiɗa ƙyallen a bushe, a lallashe shi da buroshi mai laushi har ya kwanta, a zuba ifoksi kaɗan a tsakiya a ja shi zuwa gefuna da tsohon katin roba. Duk wurin da ke ƙyalli ifoksi ya yi yawa, a tsotse shi da takardar goge hannu. In ya bushe a goge, a sake shafa na biyu siriri don cike saƙar, a goge, a fesa fentin ƙasa, a goge shi har kusan duka ya tafi, ya rage a ramuka kawai. Mafi yawan abin da aka shafa a ƙasa yake ƙarewa a matsayin ƙura, haka kuma ake so. Ina auna kowane sashe a sikeli kafin kowane mataki da bayansa, in rubuta, domin nauyin fenti ba a jin shigarsa sai ranar daidaita jirgi.

Daga nan fagen ado a buɗe yake. Ana manna siririn tef inda layukan haɗin ƙarfe suke, a fesa fentin ƙasa, a ɓare tef ɗin ya bar layi. Kawunan ƙusoshi ana yin su da ɗigon gam ko da bakin ɗan bututu mai zafi. Balsa mai saurin lotsawa da farce tana zama mai jure ɗauka da ajiyewa, mai ba ya shiga, ba abin da zai saki a rana.

Farashinta shi ne lokaci da kayan aiki: ifoksi, fentin ƙasa, fenti, abin feshi, takunkumi mai tace sinadari. Ita ce mafi tsada in an tara, mafi cin makonni, kuma facinta ya fi na kowa wahala, domin sai an maimaita matakan duka a wurin da ya fashe sannan a dace da launi. Ifoksi yana iya sa fata ta kamu da ƙaiƙayin da ba ya barin mutum in ya fara, don haka safar hannu dole ce, ƙurar gugar kuma ba ta shaƙa ba ce. Wasu suna maye ifoksi da banish na ruwa. Ya fi sauƙin nauyi, ba shi da wari, amma bai kai shi tauri ba, kuma ruwansa na iya kumbura balsa in ba a fara toshe ta ba.

Ga ƙaramin jirgi mai lulluɓin allo akwai hanya ta tsakiya: takarda da dof kai tsaye a kan balsa, da dof da aka gauraya da hoda don cike jijiyar katako, sannan fenti siriri. Jirgin de Havilland Mosquito na 1940 ma kusan haka aka gama shi. Gangar jikinsa balsa ce tsakanin filawud biyu, aka rufe da yadin auduga da dof.

| Rufi | Nauyin ɗanyen kaya a murabba'in mita | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Takarda da dof | kusan giram 12 | kaɗan | rauni, amma faci ba wuya | yana son haƙuri | murɗewa, tururi, wuta |
| Polyspan da dof | kusan giram 25 | kaɗan zuwa matsakaici | mai kyau | matsakaici | ƙonewa in zafi ya yi yawa |
| Siliki da dof | ya danganta da kaurinsa | mai yawa | mai kyau | mai wuya | ja mai ƙarfi, tururi |
| Leda | giram 36 zuwa 100 | matsakaici | mai kyau, takan saki a rana | mafi sauƙi | rashin kama, ƙarancin tauri |
| Yadin foliyesta | giram 42 zuwa 100 | matsakaici zuwa mai yawa | mafi ƙarko a fiffike mai rami | mai sauƙi in mai gam ne | nauyi, lanƙwasa firam |
| Faiba da fenti | giram 17 zuwa 25 | mafi yawa | mafi tauri | mafi wuya | taruwar nauyi, ifoksi a fata |

Lambobin nan na kayan ne kafin dof ko ifoksi ko fenti. Leda da yadi mai gam ne kawai nauyinsu na saye yake kusan zama nauyinsu na ƙarshe.

Wane ne zai ɗauki wanne

In jirginka na roba ne ko mai ɗan ƙaramin injin batir, fiffikensa bai wuce santimita 75 ba, takarda ce, babu jayayya. A rukunin gasar da ake kira Peanut, inda fiffike ba ya wuce inci 13, wato santimita 33, wasu ko dof ɗin ma shafa ɗaya tak suke yi, tsinkakke. In filin da kake tashi yana da kara da ƙaya, sa Mylar a ƙasa.

In yana tsakanin santimita 75 da mita ɗaya da ƴan kai, kuma asalinsa na yadi ne, Polyspan da dof ko leda mara nauyi mara sheƙi. Na fi karkata ga Polyspan saboda tauri da kama, sai dai in ba ka da wurin da iska ke wucewa, to ledar ta fi maka lafiya.

In wannan ne jirginka na farko mai rimot, kuma kana koyon tuƙi da shi, ɗauki leda ko da asalinsa na yadi ne. Za a yi faci ba sau ɗaya ba, kuma koyon gini da koyon tuƙi sun isa kaya ba sai an ƙara koyon fenti ba. Haka ma mai aiki a cikin ɗakin da iyali ke kwana.

In babban jirgi ne, mita 1.5 zuwa sama, irin Cub ko Tiger Moth ko Camel, yadi. Mai gam ga wanda launin da yake nema yana cikin waɗanda ake sayarwa, ɗanye ga wanda zai haɗa launinsa da kansa ko zai shiga gasa. In kuma jirgin yaƙi ne mai fatar ƙarfe, lulluɓe da allo, faiba ga babba, takarda da dof a kan allo ga ƙarami. Hurricane da ire-irensa sai a haɗa biyu: faiba a inda ƙarfe yake, yadi a inda yadi yake, a ɓoye haɗin a layin da jirgin asali ya yi nasa.

Wanda har yanzu yake tsakanin biyu, ya gina wutsiya ta gwaji daga ragowar balsa, da sanduna masu kauri ɗaya da na zanen. Ya auna ta, ya rufe, ya sake aunawa, ya ajiye ta mako guda, yini ɗaya a ciki a rana. Sannan ya ɗora ta a kan gilashi ya duba ko kusurwoyinta huɗu suna taɓa shi.